Gonar da Na'ura Ta Ƙi Ganewa

Ranar wata Talata a farkon ranin 2007, Mubaraka tana zaune a buro, wato ofishin ƙungiyar manoman rani da ke bayan Ƙonni, tana buga jerin ranakun rabon ruwa, sai wani dogon saurayi ya yi sallama, jakar kwamfuta rataye a kafaɗarsa.

"Sunana Sadiƙu, ni ne injiniyan da furojen gyaran ban ruwa ya turo. An ce ke ce sakatariya. Don Allah, mi kuke nufi in kun ce gona?"

Ta ɗago ta dube shi. Rigarsa a goge, fuskarsa ba alamar wasa.

"Malam, daga wane gari kake?"

"Illela."

"To a Illela ba ku noma?"

Ya yi dariya har ya sunkuyar da kai. Ya ce za a sake tsarin rabon ruwa tun daga madatsa har ƙananan kanal masu kai ruwa gonaki, amma kafin a taɓa ko bulo ɗaya, shi zai gina siffar tsarin duka a cikin kwamfuta. Kowane abu sai an ba shi suna, an faɗi ko wane iri ne, an faɗi alaƙarsa da saura. Sannan a rubuta ƙa'idoji, na'urar ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta nuna inda wata ta ci karo da wata.

"A lakwal, can makarantar boko, muna ce mashi ontoloji," in ji shi.

"Allah ya ba da lafiya," ta ce, don ita ta ɗauka sunan ciwo ne.

Tun daga ranar kullum yana nan. Mi ne ne kanal? In ya rabu biyu, kanal ɗaya ne ko biyu? Wa ake kira mai gona? Ta sa masa suna Malam Tambaya. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne, ranar da ya tafi Malbaza bai zo ba, sai ta ga buron ya yi mata faɗi, har ta buga wasiƙa guda sau uku.

Da la'asar salularta ta yi ƙara, saƙo ne daga Sadiƙu.

"Mubaraka, yau na wuni ina lissafin ruwa amma ke nake gani. Na bincika, ban samu ƙa'idar da ta bayyana wannan ba."

Ta karanta sau biyar. Yabo ne ko ƙorafi? Ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge, daga ƙarshe ta aika: "Malam Tambaya, in sona kake, ka faɗa da Hausa."

"Ina sonki, Barakata."

Mahaifinta Malam Yari, manomi ne a Tsarnawa, ya yi karatun zaure a Sakkwato yana saurayi. Da iyayen Sadiƙu suka fara aiko da gaisuwa, sai ya kira ta.

"Wanga yaro, mi yake yi?"

"Injiniya ne, Baba."

"Gada yake ginawa ko mota yake gyara?"

"A'a, yana... yana ba abubuwa suna."

"Da ba su da suna?"

Ita kanta nan fahimtarta ta tsaya.

"Ga Abdulhamid nan," in ji Malam Yari, "motocinshi biyu na ɗaukar siminti a Malbaza. Aikin da ido ke gani, hannu ya taɓa. Shi ma ya yi magana."

Abdulhamid ɗin ne kuwa ya kawo labarin, bayan mako biyu. Ya je buro ya tarar da wata takarda da Sadiƙu ya buga ya bari a kan tebur, jerin gonakin da na'ura ta ja wa jan layi. Ta farko ita ce gonar Malam Yari. Kafin azahar magana ta zagaye Tsarnawa: kwamfutar injiniya ta ce gonar ba ta da mai ita, za a yanke mata ruwa.

Gonar nan kuwa a takarda sunan yayan Malam Yari take ɗauke da shi, wanda ya rasu shekara shida da suka wuce. Da damina Malam Yari ke noma ta, da rani kuma matar marigayin, Inna Hawa'u, ke shuka albasa, da ita take ciyar da marayu huɗu. Ba wanda ya taɓa kai zancen buro, don gudun kada a ce a maida gonar a ba wani.

"Wa ya hwaɗa mashi?" Malam Yari ya tambaya.

Mubaraka ta san amsar. Ita ce. Wata rana suna hira ta ba shi labarin, tana yaba wa kirkin mahaifinta.

"Kada in sake jin sunanshi cikin gidan ga," in ji mahaifinta.

Kwana uku ba ta je aiki ba. Ta rasa abin da za ta gaskata. Son nata yake, ko bakinta yake so ya buɗe? In mugu ne, me ya sa ya bar takardar a fili? In ba mugu ba ne, me ya kai gonar marayu cikin jan layi? Saƙonsa ya shigo:

"Barakata, jan layi ba hukunci ba ne. Na'ura cewa take ta rikice. Ni ma na rikice. Ki zo ki taimake ni, ke kaɗai kika san inda na ɓata."

Ta ajiye salular. Amma da ta ga Inna Hawa'u tsugune bakin kanal tana kallon albasarta kamar mai bankwana, sai ta ɗauki mayafi ta hau kabu-kabu.

Ta same shi ya rame, idanu jajur. Ya juyo mata da kwamfutar.

"Dibi. Na rubuta cewa kowace gona mai ita ɗaya ne, kuma mai gona shi ke karɓar ruwa. Na sa Baba, na sa Inna, na sa marigayi. Sai ta ce ba ya yiwuwa."

"To ai ba ya yiwuwa! Wa ya ce maka mai gona mutum ɗaya ne? Akwai mai suna a takarda, akwai mai noman damina, akwai mai noman rani. Duka mai gona muke ce masu."

Ya zuba mata ido.

"Sake faɗi."

Ta sake. Ya raba kalmar gida uku, ya ɗaura ruwan rani a kan mai noman rani, ya danna. Jan layin ya ɓace, ba a gonarsu kaɗai ba, har gonaki arba'in da ɗaya, yawancinsu na zawarawa da masu aro.

Ranar taron ƙungiya Sadiƙu ya miƙe gaban dattawa ya ce kuskuren nasa ne, ƙa'idarsa ce gurguwa, gonakin lafiyarsu lau. Ya roƙi taron ya amince a rubuta ruwan rani da sunan mai noman rani. Aka yi ta gardama har la'asar, wasu na cewa ba su gane ba, wasu na cewa sun gane amma a sake. Daga ƙarshe aka amince.

Malam Yari ya yi gyaran murya.

"Yaro, tsaya. Kana aza magana biyu, ka fitar da ta uku, in ta ɓaci ka koma ka binciki na farko?"

"Haka ne, Baba."

"Kai! Ashe manɗiƙi ne, ilimin auna hujja! Mun karanta shi a zaure, da bulala ma. Mi ya hana ka hwaɗi haka tun farko?"

"Ban san sunanshi ke nan ba, Baba."

Dattawa suka fashe da dariya. Malam Yari bai yi ba, amma da aka watse ya ce wa Sadiƙu ya turo manyansa.

An ɗaura auren bayan ƙaramar Salla, a ƙofar gidan Malam Yari. Abdulhamid, wanda kunya ta hana shi zuwa, ya aiko da mota ta kwashi kayan ɗaki. A cikin gida Inna Hawa'u ta riƙe hannun amarya mai lalle, tana hawaye tana cewa, "Allah shi yi maku albarka, ɗiyata. Allah shi ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Ana cikin guɗa salular ta motsa a ƙarƙashin lulluɓi. Mubaraka ta leƙa a ɓoye.

"An shafa fatiha, matata. Don murna da ƙyar na rubuta wannan."

Ta share ido da gefen mayafi, ta amsa: "Ni ma, angona. Ka zo da wuri."