Binciken da Ya Falmata Ta Yi wa Ɗan Kwangila

Ranar da Babayo ya fara zuwa gidan Malam Madu a unguwar Arawa, 'yarsa Khairat ce ta buɗe masa ƙofa. Ta kalli takalminsa, ta kalli tef ɗin awo da ke hannunsa, sannan ta kalli fuskarsa ta ga babu abin kushewa. Nan ta fara zarginsa. Wanda ya gabace shi ma kyakkyawa ne.

Wancan ɗan kwangilar ya fasa daɓen kicin, ya cire taga, ya ce zai je Kano sayo tayil. Damina ta zo ta wuce, tayil na hanya. Tun lokacin mahaifiyar Khairat, Ya Falmata, take girki ƙarƙashin rumfar kwano a tsakar gida. Ta riga ta rasa kicin ɗaya a Bama, ranar da suka gudo da kayan jikinsu, kuma ba ta da niyyar rasa na biyu a hannun wani mai murmushi.

"Don Allah riƙe mini bakin tef ɗin nan," in ji Babayo.

Khairat ta riƙe. Ya ja har bango, ya dawo, ya sake ja.

"Injiniya, sau nawa ake auna bango ɗaya?"

"Ya danganta da wanda ya riƙe tef."

Ya Falmata ta yi gyaran murya daga rumfa. Ya juya ya durƙusa.

"Mama, a zaune kike girki ko a tsaye?"

"Ina ruwan siminti da zamana?"

"Babu, Mama. Tambaya ce kawai."

Bayan ya fita ta ce wa 'yarta, "Wannan ladabinsa ya yi yawa. Ki sa masa ido."

Khairat yarinya ce mai biyayya. Ta sa masa ido sosai. A wayarta ta adana lambarsa da suna Ɗan Kwangila Na Biyu, don kada zuciyarta ta manta da na farko.

Da yamma saƙo ya shigo: "Assalamu alaikum. Na manta faɗin taga. Ko zan iya dawowa gobe?"

Ta amsa: "Babu taga. Ɗan'uwanka ya tafi da ita."

"To na manta faɗin ramin. Ki taimaka, Khairina."

"Wa ya ba ka wannan sunan?"

"Ni na auna, na ga ya yi daidai."

Ta yi dariya ita kaɗai, sannan ta ji haushin dariyar.

Akwai kuma Wakil, ɗan yayan Ya Falmata, wanda yake neman aikin kicin da Khairat a lokaci guda, don ya rage wa kansa zirga-zirga. Ya zo da hotunan ayyukansa a waya. Kicin-kicin ne masu sheƙi, kuma ta tagar ɗaya daga ciki ana hango ƙanƙara kwance a kan itatuwa.

"Yaya Wakil, wannan a nan unguwar Hammadu Kafi ka yi shi?" in ji Khairat.

"Wajen can dai."

Kafin ya tafi ya bar mata magana. "Wannan Bafillatanin naki, aikin yake so. Haka suke yi, su fara da 'yar gida. Ana biyansu kuma sai ki ji waya a kashe."

Maganar maƙaryaci ce, amma ta zauna mata a rai. Khairat ta juya ta, ta juya ta, ta ga duk inda ta kama akwai alamar gaskiya. Sai ta rubuta wa Babayo: "Ka faɗa mini tsakaninka da Allah. Ni kake so ko kicin?"

Amsa ba ta zo ba sai washegari. "Duk abin da na faɗa, za ki ce ɗan kwangila ne ya faɗa. Don haka na janye daga aikin. Ki ba Mama haƙuri. Zan turo mata sunan wani mai amana. Ni kuma ina nan, Khairina, ba tef, ba siminti."

Khairat ta karanta, ta rungume wayar, ta kasa gaya wa kowa.

Ya Falmata ba ta san da wannan ba, domin ta tafi nata aikin. Ta daina yarda da hoto, ta daina yarda da ɗan'uwa. Ta yafa mayafinta mai ƙamshin turaren wuta, ta hau keke napep zuwa Tudun Wada, unguwar su Babayo.

Ta fara da telan bakin layi. "Yaron nan Babayo, in ya yi alkawari yana cikawa?" Ta wuce wajen mai shago. "Yana da saurin fushi? Su waye abokansa?" Ta tare ladanin masallaci. "Kana ganinsa da asuba? Waye ubansa? In ya fara abu yana gamawa, ko yakan gudu ya bar mutum a tsakiya?"

A Tudun Wada babu wanda yake yin irin waɗannan tambayoyin saboda tayil. Dattijuwa mai 'ya budurwa ta zo tana tambayar asubar saurayi da asalin ubansa, ai kowa ya san binciken aure. Kafin ta kai ƙarshen layi, labari ya riga ta shiga gidan su Babayo.

Inna Jumma, mahaifiyar Babayo, ta tarbe ta da sabuwar tabarma da fura da nono, tana murmushi a fili, a ciki kuma tana tafasa: wato yaro ya je ya gabatar da kansa a gidan mutane bai gaya mata ba.

"Kicin ɗinki nake so in gani," in ji Ya Falmata.

Inna Jumma ta jinjina kai. Lallai Barebari ba sa wasa da bincike.

Kicin ne ƙarami, mai tsabta. Teburin girkin gajere ne, daidai mai zama a kujerar tsugunne. Ya Falmata ta zauna, ta miƙa hannu, ta ga komai na kusa. Ta ƙwanƙwasa tayil ɗaya bayan ɗaya tana neman mai ƙarar rami. Ba ta samu ba, abin ya ɗan ɓata mata rai.

"Bayana ke ciwo, shi ya sa ya sauko da shi," in ji Inna Jumma. "Yana da kula. Ba don ɗana ba ne."

"Zan ba shi," in ji Ya Falmata.

"Allah ya sanya alheri."

Suka rabu kowacce ta gamsu cewa an fahimci juna.

Da ta koma gida ta sanar cewa Babayo ya ci jarrabawa, Khairat ta nuna mata saƙon janyewarsa. Ya Falmata ta zauna daɓas.

"Mutum ɗaya na samu a garin nan, shi ma kin kore shi da soyayya. Kin gani ko? Bai fara ba ma ya gudu. Wanda zai bar kicin zai bar mace. Kada in sake jin sunansa."

Khairat ta yi kuka. Malam Madu, wanda shekarun zama da matarsa suka koya masa darajar shiru, ya ƙara sautin rediyo.

Ranar Asabar da hantsi baffannin Babayo suka yi sallama, cikin manyan riguna, da goro da alawa. Malam Madu ya shigar da su falo. Babbansu ya yi godiya bisa binciken da aka yi, ya ce tunda an ce za a ba su, sun zo nema bisa al'ada.

Ya Falmata, da ke sauraro bayan labule, ta kasa daurewa.

"Alhaji, ni aikin kicin na ce zan ba shi."

Dattijon ya shafa gemunsa.

"Hajiya, kin tambayi sallarsa, da fushinsa, da ubansa, da yadda yake riƙe uwarsa. In da suruki kika je nema, wace tambaya za ki ƙara?"

Ta buɗe baki. Ta lalubi tambaya ɗaya, ko ƙarama ce, ta rasa. Rabonta da rasa tambaya tun tana Bama.

"Ya janye daga aikina," ta ce a ƙarshe.

"Don kada a ce aikin ya zo nema," in ji Malam Madu. Kowa ya juyo, har matarsa, domin an daɗe ba a ji ra'ayinsa ba.

Ya Falmata ta gyara mayafi. "To ya dawo ya gama. In na dafa tuwo a ciki, sai a yi maganar rana. Kuma ba ita za ta riƙe tef ba."

Malam Madu ne ya riƙe tef. Bango ɗaya, awo ɗaya.

Da aka sa taga, Khairat ta tura wa Babayo saƙo: "Injiniyana, na canza sunanka a waya."

"Zuwa me?"

"Ɗan Kwangila Na Ƙarshe."

An ɗaura aure bayan ƙaramar Sallah. Wakil ya zo, ya ci shinkafa, ya ɗauki hoton kicin ɗin daga kusurwa mai kyau. Babu wanda ya tambaye shi me zai yi da shi.

Da za a tafi da amarya, Ya Falmata ta kira ango cikin kicin. Tana zaune a kujerarta, gaban gajeren teburinta, idanunta sun yi ja, ta ce hayaƙi ne, ko da yake gas take amfani da shi yanzu. Ta kama hannun Khairat ta sa a nasa.

"Wancan aikin ka gama shi, na duba. Wannan kuwa, na aure, ba shi da ranar gamawa. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai jin magana, ya sa kada ɗayanku ya tafi Kano sayo tayil."

"Amin, Mama."

"Kuma zan riƙa zuwa dubawa."

Ta cika alkawari. Har yau in ta je gidansu, kafin ta amsa gaisuwa sai ta ƙwanƙwasa bango, ta kalli fuskar 'yarta, sannan ta zauna ta karɓi ruwa.