Bayan Jibo Na Tsaya

Idon kowa yana kaina, amma ban fasa tafiya ba.

Inusa yana tsaye a gaban layinsa cikin farar shadda, yana yi mini murmushin nan da ya san yana kashe mini jiki. Har ya sa abokinsa ya ja baya, an buɗe mini wuri dab da shi.

Na wuce shi...

Na wuce layin Jatau mai yawan alkawari, na je na tsaya a bayan Jibo.

Aka fara kallon juna a filin.

A ƙungiyarmu ta manoman rani a Jiratawa ba a jefa ƙuri'a cikin akwati. Ranar zaɓen shugaba 'yan takara ke fitowa fili, kowane mai gona ya je ya tsaya a bayan wanda yake so, sai a ƙirga kawuna. Babu ɓoyo. Maƙwabcinka yana kallonka, surukinka yana kallonka. Ni kuwa Inusa, mutumin da aka sa mana ranar aure bayan babbar Sallah, shi yake kallona.

"Zuliha..." ya ce a hankali. "Kin ɓata hanya ne?"

Na kafa idona a ƙeyar Jibo.

Ni kaɗai Baba ya bari da ya rasu, ni da Inna da 'yar gonar zogale a can ƙarshen magudanar ruwa. Muna zaune a Sabon Gari cikin Maraɗi, kullum da safe na hau babur ɗin kabu-kabu zuwa Jiratawa. Da zogalen nan muke ci, da shi muke sutura. Mu na ƙarshen magudana sai na sama sun ƙoshi ruwa yake iso mana, wani lokaci ma sai dai mu ga danshinsa. Shugaban ƙungiya ne ke riƙe da makullin ƙofar ruwa, shi ke cewa yau na wane ne, gobe na wance.

A shagon iri da taki na haɗu da Inusa. Shagon na kawunsa ne, Alhaji Maliki na Tibiri, wanda ya rene shi tun yana maraya, kuma shi ke da manyan gonaki a bakin magudana. Ban taɓa ganin mutum mai taushin zuciya irin Inusa ba. Shi ya fara kirana Zuli, shi ya fara tambayata ko na ci abinci tun bayan rasuwar Baba. Na so shi, so irin wanda ke hana mutum jin yunwa.

Sai dai na san abina. Inusa bai iya cewa a'a ba, balle ga kawunsa. Ranar da aka sa zai je gaida dangin Baba a unguwar Zariya cikin Maraɗi, Kawu ya aike shi Tibiri ɗauko rago, shi kuwa ya tafi. Dattawa suka zauna har tuwo ya huce. Da ya zo da ban haƙuri, daɗin bakinsa ya sa na manta da fushina, amma abin bai fita raina ba. Takarar ma ba shi ya nema ba, Kawu ne ya ce ya fito, ya fito.

Jibo kuwa, Allah na gani, ba ya burge ni ko kaɗan. Fuska kullum a murtuke, gaisuwarsa a gajarce kamar ana cajinsa. Amma a gabana ya taɓa rufe wa yayansa na ciki ɗaya ruwa don lokacinsa ya cika, suka daɗe ba sa ga maciji. Na yi ta juya mutanen nan uku a raina ina sassabe. Jatau baki ne kawai. Inusa ya fi su kirki nesa ba kusa ba. Amma makulli a hannun Inusa makulli ne a aljihun Alhaji Maliki, mu na ƙarshe kuwa mun shiga uku.

Kada a ce yaudararsa na yi. Ana saura kwanaki zaɓe, da ya zo zance da la'asar, na faɗa masa a ƙofar gidanmu cewa ba zan tsaya a bayansa ba, na kuma faɗa masa dalili. Dariya ya yi har da riƙe ciki.

"Haba sahibata, ke da za ki zama matar farzidan, shugaban ƙungiya guda?"

Na ce da gaske nake. Ya ce shagwaɓa ce, ya miƙo mini ledar kilishi, ya sauya zance. Inusa ke nan, duk maganar da ba ta da daɗi sai ya mai da ita wasa.

To a filin zaɓe babu wasa. Ina tsaye a bayan Jibo sai na ji motsi, ashe Tasalla maƙwabciyar gonata ce ta fito daga layin Inusa. Saboda ni ta shiga can tun farko. Sauran matan ƙarshen magudana suka biyo ta ɗaya bayan ɗaya suna gyara mayafi, babu mai kallon kowa. Da aka ƙirga, Jibo ya ci da tazara kaɗan.

Inusa bai dube ni ba. Ya shiga motar kawunsa suka tafi.

Kafin na isa gida labari ya riga ni. Hidaya, 'yar Alhaji Maliki, wadda ta daɗe tana yi mini kallon hadarin kaji, ta ɗauki komai a waya. Ta yanke daidai wurin da Inusa ya buɗe mini wuri na wuce, ta watsa a WhatsApp. Ba ta tsaya nan ba, ta bi gidajen dangi a Tibiri tana cewa Jibo ya yi mini alkawarin ƙarin ruwa, wai da ruwan kwana ɗaya na sayar da mijin aure.

Inna ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Kallona kawai ta yi.

"Ɗiyata, ko ciwon kai ba ki iya ƙirƙira ba ki zauna gida?"

Na ce in na zauna, Tasalla da sauran mata bayansa za su tsaya saboda ni. Ta ci gaba da tsince zogalen da ke gabanta.

Daga ranar wayata ta mutu da ranta. Na kira Inusa har na gaji, ba ya ɗauka. Ƙawayen da muke zaɓen ankon biki tare suka daina leƙo ni. In na shiga kasuwa sai na zagaya ta layin masu tukwane don kada na bi ta gaban shagonsa, amma ƙafata ta kan kai ni inda zan hango rumfar daga nesa. La'asar ce ta fi yi mini wuya. Sai na tsinci kaina na yi wanka na shafa turare, sannan na tuna babu mai zuwa.

Ruwa kuwa ya zo. A satin farko na mulkin Jibo ya gangaro har ƙarshen magudana, ya cika kwamin zogalena. Tasalla ta rangaɗa guɗa. Ni na tsuguna a bakin kwami na yi kuka mai isata. Shi Jibon ko na gode bai ce mini ba, da ya zo zagaye ma faɗa ya yi mini wai ban yashe magudanar gefena ba.

Ana saura kaɗan Sallah, ranar da ruwa yake nawa, na ɗago kai daga aiki na ga Inusa tsaye a kan kunyar gona. Ya rame. Na saki fartanya.

"Zuli..."

"Masoyina," na ce, ban san lokacin da ta fito ba.

Ya ce ya yi kewata, ya ce bai yarda da maganar Hidaya ba ko sau ɗaya, kunya ce ta hana shi ɗaukar waya. Na ji sanyi ya ratsa ni. Har na fara murmushi, sai na lura ya kasa haɗa ido da ni.

"Kawu ya tara dangi jiya," ya ce. "Ya ce an fasa. Ya ce Hidaya za ya ba ni."

"Kai mi ka ce?"

"Zuli, kin san Kawu. Shi ya rene ni..."

"Mi ka ce mashi, Inusa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ban ce komi ba."

Na daɗe ina kallonsa. Ina son mutumin nan, har a wannan lokacin ina son sa, kuma abin ya ba ni haushi.

"Da kin tsaya bayana," ya ce, "da duk wannan ba ta faru ba."

"Da na tsaya bayanka, bayan Kawu na tsaya. Ni da matan nan duka."

Bai musa ba. Na matsa kusa da shi, na ajiye duk wani jan aji, na roƙe shi.

"Ka tahi Tibiri yau, ka ce mashi a'a. Sau ɗaya tak, don Allah. Ba sai ka yi rashin kunya ba. Ko shekara nawa ce ni zan jira ka."

Idanunsa suka kawo ruwa. Ya buɗe baki zai yi magana, sai waya ta yi ƙara a aljihunsa. Ya ciro, ya dubi sunan, ya dube ni. Na girgiza masa kai.

Ya ɗauka.

"Na'am Kawu... To... To, ga ni nan zuwa."

Ya tsaya jim kaɗan kamar zai ƙara wani abu, sannan ya juya ya bi kunya zuwa inda ya ajiye babur. Na bi farar rigarsa da ido har ta shige cikin gonakin masara. Bai waiwayo ba.

Ashe ban yi kuskure a kansa ba. Da ma na yi! Wallahi da na fi son a ce ni ce na zalunce shi, in bi shi har Tibiri in durƙusa in ba shi haƙuri.

Ruwana yana ta malala a banza ta gefen kwami, lokacina kuma ya kusa cika, na san Jibo ba zai ƙara mini ba. Na share fuska da gefen zani, na ɗauki fartanya, na juya ruwan zuwa kwami na gaba, ni kaɗai.