Hannun Nomau a Dajin Gwanki

Ladan bai yi kiran farko ba suka bar gari: Nomau da bindigar toka, Baba Gagare tsohon maharbi mai yatsu uku a hannun hagu, da Jatau mahauci, wanda ya biyo don fiɗa naman da ba a kashe ba tukuna.

Gari na wayewa suka ga sawun gwanki a bakin rafi, kashinsa da ɗumi. Suka kutsa sarƙaƙiya. Nan ƙaya ta soki Nomau tsakanin babban yatsa da manuni. Ya zare ta, ya tofa yawu, ya ci gaba da ture ciyawa, hannu na buɗewa yana rufewa.

Da hantsi gwankin ya tsaya gabansu, amma yatsa ya ƙi shiga kunamar bindiga. Bayan hannun ya tashi kamar fanke. In an danna sai ya yi ƙuru-ƙurus, kamar an taka busasshen ganye.

"Ba ƙaya ba ce, kububuwa ce," in ji Baba Gagare. "Nama ne ke ruɓewa. A cire yatsu biyu kafin ya kai zuciya."

Ya hura wuta, ya sa wuƙa a ciki. Nomau ya zauna, ya tashi, ya zaga wata bishiyar kuka, ya dawo. Maharbi ba manuni, sai dai ya koma tsaron gonar wani.

"Baba, ba zafi fa. Ko ciwo babu."

"Mugun ai ba ya sallama, yaro."

Jatau ya kama hannun, ya shinshina, ya danna, ya kasa kunne, ya kwashe da dariya.

"Ranka ya daɗe, a mayar da wuƙar. Kullum nake tsaga ƙafar rago in hura don fata ta saki nama, kuma haka take kuka. Ba ja, ba wari, ba zazzaɓi. Iska ce ya yi ta zuƙa ta hudar nan. Nomau, fiɗa kawai ta rage maka."

Ya wanke hudar, ya ɗaure hannun a kara don ya daina motsi, ya ce gobe malamin asibiti ya duba. Gwanki bai jira ƙarshen shawarar ba.

Kwana huɗu hannun ya sace. Amma tun a hanyar gida Baba Gagare yake ta juya hagunsa.

"Jatau," ya ce can, "shekara talatin ke nan. Nawa ma haka ya yi kuka."