Akun da Ya Ƙi Zama Ado

Ranar da ta fara shiga shagonsa, da mujiya ta fara yin ido biyu. Tsuntsuwar na tsaye a kan kantar shagon, ido ƙuri, ita kuwa ta ja da baya tana cewa a riƙe ta kada ta tashi.

"Shekararta uku a nan, ba ta tashi ba," in ji saurayin da ke bayan tebur, yana danne dariya. "Cikinta auduga ce da waya, idon kuma gilashi."

Kunya kamar ta nutse. Aikinta ƙawata ɗakuna ne, ta zo neman abin da za ta ajiye a falon wani otal. Shi kuma sana'arsa ke nan: a kawo masa tsuntsun da ya mutu, ya feɗe fatar, ya jeme, ya cusa, ya tsayar da shi kamar yanzu zai tashi. Ta sayi dawisu. Bayan kwana biyu ta dawo, wai launinsa bai shiga da labule ba. Ƙarya take, labule lafiyarsa ƙalau.

Tun daga nan soyayya ta ƙullu, ya zama Mai Mujiya, ita kuma Madam Falo.

Matsalar ɗaya ce, Abbanta. Mutum ne da ba ya haɗa akunsa da kowa, wani mai jar wutsiya da ake kira Lauya saboda surutu. Da ya ji sana'ar yaron sai ya ɗaure fuska.

"Mai jiran tsuntsu ya mutu ya samu na abinci? Ba da 'yata ba. Kada ya tako min gida."

Ta yi bayani har bakinta ya bushe, cewa ko gwara bai taɓa kashewa ba. Abba ya ƙara muryar rediyonsa.

Ana haka, wata Laraba aka manta keji a buɗe, Lauya ya fice. Kwana biyu Abba bai ci abincin kirki ba. Ita kuma ba ta gaya wa Mai Mujiya ba, don ko a baki ba ta son haɗa akun da shagonsa. Rana ta uku da safe saƙo ya shigo wayarta:

"Madam Falo tawa, jiya an kawo min aku mai jar wutsiya, ban taɓa ganin mai kyansa ba. Ki zo ki gani. Na yi kewarki."

Ta san irin tsuntsun da ake kai masa. Hawaye ya tona mata asiri. Abba ya karɓi wayar ya karanta, ya ɗauki makullin mota. A hanya ta riga ta saduda: aku ya tafi, aure ya bi shi.

Suna shiga shagon suka hango Lauya a kan kantar, tsakanin mujiya da shaho, ko motsi babu. Abba ya dafa bango.

"Har ka gama da shi?" ya tambayi Mai Mujiya.

Sai Lauya ya karkata kai, ya buɗe ido ɗaya, ya ce da muryar Abba sak, "Wa ya taɓa min rediyo?"

Abba ya zube a kan benci yana hamdala. Ita kuwa kuka da dariya suka haɗe mata.

"Wani direba ne ya tsince shi a bakin titi, ya ɗauka ya mutu," in ji Mai Mujiya, kansa a ƙasa. "Ni kuma, Abba, ba na sa wa tsuntsu wuƙa sai na naɗe shi a tawul mai ɗumi na awa guda, na kara madubi a hancinsa. Haka maigidana ya koya min. Jiya madubin ya yi gumi. Fiffike ne ya bugu, na gyara masa. Ban san naku ba ne."

Abba ya daɗe yana shafa kan akun.

"Sau nawa madubin nan ya taɓa nuna maka rai?"

"Wannan ne na farko, a shekara shida."

"Kuma kullum kana yi?"

"Kullum, Abba."

Abba ya miƙe da Lauya a kafaɗa. Sai da ya kai bakin ƙofa ya juyo.

"Ran Asabar ka zo ka duba masa fiffiken. Ka taho da manyanka."

Kafin su isa gida ta tura masa saƙo: "Mai Mujiyata, yau na yi numfashi. Amma gobe in za ka rubuta saƙo, ka fara da cewa yana da rai."

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Falonsu ita ta tsara shi da kanta, mujiyar nan tana saman kantar littattafai. Da Abba ya zo ganin gida, ya tsaya gaban mujiyar ya ƙare mata kallo, sannan ya juyo ya dafa kan angon.

"Na ba ka 'yata hankalina kwance. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."