Majinyatan Almuru

Rana ta yi ja a bayan gonakin gero, awaki sun shigo gida da kansu. Rahmatu na zaune bakin murhu tana iza wutar tuwo, ƙafafunta a kumbure saboda tsayuwar wuni. Ɗiyarta Naja'atu na kwashe shanya, maigidan, Is'haƙa, yana alwala a gindin randa. Babu abin da ya raba wannan yammaci da sauran, sai wata takarda da ke ninke cikin jakar aikinta: an ɗauke ta koyarwa a makarantar koyon aikin jinya a Sakkwato, za ta kama aiki farkon wata.

Ladan ya ɗaga murya ke nan dutse na farko ya faɗo kan kwanon rufi.

Is'haƙa ya fita da buta a hannu yana faɗa, ya zaci 'yan unguwa ne. Ya duba lungu, ya duba bayan katanga, bai ga ko kaza ba. Kafin ya dawo wani ya faɗo, wani ya biyo shi. Na huɗu ya sauka tsakar gida daidai gaban Rahmatu, bai yi tsalle ba, bai gangara ba, kamar hannu ne ya aje shi. Ta ɗauka. Dutsen na da ɗumi irin na jikin mai zazzaɓi, yana kuma warin maganin da suke goge daɓen ɗakin majinyata da shi.

Ta jefar da shi cikin toka.

Shekara goma sha tara Rahmatu ta yi tana aikin nas a wani ƙaramin asibiti da ke kan hanyar Sabon Birni, kullum daga garin Isa take tafiya. Gado ashirin da huɗu, nas uku, likita kuwa sai ranar da hanya ta yi lafiya. Ta karɓi haihuwa da fitilar waya. Ta ɗinke mutanen da aka kwaso daga ƙauyuka bayan 'yan bindiga sun wuce. Akwai ranar da wani ya ɗauke ta da mari a gaban jama'a don ƙanensa ya cika ba a samu jinin da za a ƙara masa ba, washegari kuma ta dawo aiki da kumatu a kumbure, babu wanda ya ce mata sannu. A cikin wannan hali ta yi karatun koyarwa, a tsakanin aikin safe da na yamma, har Allah ya nufa.

Ranar da takardar ta zo, shugabarsu, Sista Larai, ta karanta ta miƙo mata da yatsu biyu.

"Gudu dai za ki yi, Rahmatu. Ki kira shi koyarwa in kin so. Mu da ba mu da kowa a Sakkwato sai mu mutu nan."

Daga ranar aka daina ci da ita a kwano ɗaya. In ta shigo ɗakin hutu, hira ta mutu.

Jifan bai tsaya ba. Kullum da faɗuwar rana yake farawa, a yanke shi da an sallame isha'i. A kwana na uku aka ƙara da murya. Daga bayan ɗakin girki take fitowa, siririya, a gajiye, irin ta majinyacin da ya daɗe yana kira ba a amsa ba.

"Sista. Sista."

Maƙwabta suka hana iyalansu shiga gidan. Wata ta faɗa a bakin rijiya, yadda Rahmatu za ta ji, cewa mai wanke gawa da taɓa jinin mutane ai dole wata rana wani abu ya biyo ta gida.

A kwana na biyar Naja'atu ta faɗi. Ta ɗauko tulu daga zaure, tana tsakiyar gida, sai ta tsaya cak, tulun ya suɓuce, ita ma ta bi shi. Rahmatu ta yi abin da ta sani. Ta taɓa bugun jini, ta auna zafin jiki, ta haska idanu, ta gwada zazzaɓin cizon sauro. Komai daidai. Amma ƙafafun yarinyar sun sandare kamar taɓare, bakinta ya ɗinke. Wuni guda tana kwance ba ta ko motsi, sai da almuru ya kawo jiki ta tashi zaune, ta kafe uwarta da wani kallo mai cike da ƙiyayya, ta ce da muryar tsohuwa:

"Wa kinka bar wa gadon ƙarshe?"

Is'haƙa ya ja da baya har ya bugi ƙofa. Da suka fito waje, maimakon ya ba Rahmatu haƙuri, sai ya ce, "Da kin zauna inda Allah ya aje ki, da duk wanga bai faru ba."

Ta roƙi Sista Larai hutun kwana biyu. Larai ta ce babu mai riƙe mata ɗaki, wanda ya kusa tafiya kuma ba ya neman alfarma. Haka Rahmatu ta riƙa wanke miyakun mutane da rana, zuciyarta na gida, ta dawo da yamma ta tarar da ɗiyarta ta ƙara ramewa.

Is'haƙa ne ya hau babur ya ɗauko Malam Na'Allah daga Kamarawa. Dattijo ne siriri, ba mai yawan magana ba, da carbi da wata 'yar jakar fata. Ya iso bayan la'asar, ya ƙi cin abinci, ya zauna bakin ƙofar ɗakin yana jira. Da hasken rana ya janye daga katanga, ya ce a zaunar da yarinyar a lulluɓe ta, uwar ta riƙe kafaɗunta. Ya fara karatu a hankali.

Duwatsu suka zubo kan kwano kamar ƙanƙara. Malam bai ɗaga kai ba. Da ya kai Ayatul Kursiyyu, jikin Naja'atu ya banƙare, ta saki wata ƙara da ta sa awaki tsinke igiya.

"Bari! Bari, kana ƙona ni!"

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Habi."

"Daga ina?"

"Tsohuwar rijiyar da anka rufe bayan ɗakin haihuwa. Can muke tun ba a aza tubalin asibitin ba."

"Mi wagga yarinya ta yi miki?"

"Ita ba ta yi min komi ba. Uwarta nika nema." Kan yarinyar ya juya, fiye da yadda wuya ke juyawa, har idanun suka samu Rahmatu. "Ba ki gane ni ba, Sista? Shekara bakwai ke nan, da damina, an ɗauke wuta. Na zo da jikana, mai shara ta watsa mishi ruwan zafi ta taga. Kinka kwantar da shi gadon ƙarshe, kinka wanke ƙunar, kinka naɗe. Ba ki tambaye mu kati ba."

Rahmatu ta tuna. Tsohuwa ce baƙa, da zane ɗaya, ba ta ɗaga ido. Ta tuna kuma da wasu da yawa bayanta, masu zuwa daidai lokacin da ake tafiya sallar magariba, su wuce kai tsaye gadon da ke jikin bango, ba ɗan rakiya, ba gaisuwa. In ta je ɗauko magani ta dawo, sai ta tarar da zanen gadon a miƙe. Ta ɗauka mutanen daji ne masu tsoron a tambaye su suna.

"Mu ne," in ji muryar. "Sauran ba su ganinmu. Wadda ta gan mu kuma korarmu takan yi. Hannunki kaɗai munka sani. Yanzu munka ji za ki tahi. Ba inda za ki. In kin taka mota, ƙahwahun wagga ɗiya sun zama nawa."

Malam ya ce, "Ke musulma ce?"

"Ni ce."

"To kin san zalunci kike yi."

"Ta ƙara muna shekara bakwai, in sake ta."

"Ba a ƙulla alkawari da ku."

"Shekara ɗaya."

"Ko kwana ɗaya."

"To a yanka min baƙin bunsuru bakin rijiya."

"Ba a yanka don kowa sai Allah. Za ki fita, ko in ci gaba?"

Ya buɗe baki zai ɗora, sai Rahmatu ta riga shi. Ba ta san sa'ad da tsoron ya bar ta ba. Abin da ya maye gurbinsa wani ɗaci ne da ya daɗe yana taruwa.

"Ke ma, Habi? Har da ke?" Ta ƙara riƙe kafaɗun ɗiyarta. "Na tsaya kan jikanki ina jin yunwa, bayana kamar zai tsage, ban tambaye ki daga ina kike ba. Sakayyata ke nan, ki karya min ɗiya? Mutane sun mare ni, sun zage ni, na haɗiye. Kowa hannuna shika so, ba wanda ya taɓa tambaya ko mai hannun tana da rai. Ni kaɗai kunka sani a ɗakin can mai gado ashirin da huɗu, in na faɗi gobe wa za ku kama? Za ni tahi. Za ni koyar da yara masu jini a jika, ko Allah shi sa wasunsu su zo inda na tsufa. Ki kashe ni in an ba ki iko, amma wallahi ba ni ƙara kwana don tsoronki."

Jifan ya tsaya.

Can muryar ta dawo, ta yi ƙasa, amma babu laushi a cikinta.

"Waɗanda za ki koyar. Ki hana su watsa ruwan zafi ba bisimilla. Wanda ya zo da almuru, su duba shi, kada su tsare shi da tambaya."

Rahmatu ta dubi Malam. Ya ce, "Wannan ba sharaɗinki ba ne, Habi, tarbiyya ce da addini ya riga ya koyar. Ba ta ɗaukar miki alkawari. Yi rantsuwa ki fita, ta ɗan yatsan ƙafar hagu, kada ki taɓa ido, kada ki taɓa kunne."

Habi ta rantse sau uku, kowace kamar ana ciro ta da ƙugiya. Amma kafin ta tafi, hannun Naja'atu ya zabura ya cafke hannun daman Rahmatu a wuyan hannu. Riƙon ya yi sanyi har cikin ƙashi.

"Ɗiyarki na bar miki. Wanga hannu kuwa, tun da ba namu ba ne, ba na kowa ba ne."

Malam ya daka tsawa da sunan Allah. Ƙafar hagun yarinyar ta yi wata irin girgiza, ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta. Da ta buɗe ido, ruwa ta nema, da muryarta ta kullum.

Bayan kwana huɗu Naja'atu ta taka da ƙafafunta. Ba a ƙara jifa ba. Malam Na'Allah ya yi wa hannun Rahmatu tofi, ya ce ta dage da azkar, sauran kuma na Allah ne. Ranar da ta je sallama asibiti, Sista Larai ta sa hannu a takarda ba ta ɗago ba. Rahmatu ta wuce ta ƙofar ɗakin majinyata, ba ta leƙa ba.

A Sakkwato aka ba ta 'yan shekarar farko, su arba'in da ɗaya. Makon farko duk magana ce da rubutu a allo. A mako na biyu aka shiga ɗakin gwaji, za ta nuna musu yadda ake neman jijiya a saka ƙarin ruwa. Ta ɗaure hannun robar da ake koyo da shi, ta ɗauki allura. Hannun da ke cin tuwo lafiya, yake riƙe alli lafiya, yana taɓa allurar ya ɗauki rawa. Ta aje, ya tsaya. Ta sake ɗauka, allurar ta faɗi ƙasa. Wasu daga baya suka fara ƙus-ƙus.

Rahmatu ta tsaya tana kallon yatsunta. Ta gane ba za ta ƙara yi wa ɗan Adam allura ba har ta mutu.

Ta ɗaga kai ta dubi wata 'yar siririya da ke gaba, wadda ba ta yi dariya ba.

"Ke, mi sunanki?"

"Khairat, Malama."

"Daga ina?"

"Kurawa, ƙasar Sabon Birni."

"Taho nan, Khairat. Wanke hannunki, ki ɗauki sabuwa. Ni ba ni iyawa, ke za ki yi." Ta mayar da hannunta na dama cikin aljihu. "Kada ki dubi allurar tukuna. Aza yatsa, ki lumshe ido, ki gaya min abin da kinka ji."