Sawun Ƙafa a Ofishin Shugaban Makaranta

Da Malam Haliru ya dawo daga masallacin Juma'a, ya tarar da ofishinsa a kulle kamar yadda ya bar shi, amma kofin ƙwallo ba ya kan kanta.

Malam Haliru ne shugaban sakandaren gwamnati da ke bakin garin Bagudo. Kofin kuwa na gasar makarantun yankin ne, kuma washegari za a buga wasan ƙarshe da 'yan Kende. Makarantar da ta ɓatar da shi, korarta ake yi daga gasar.

Da Sajan Sakinatu ta 'yan sanda ta iso, ta tarar malamai sun riga sun yanke hukunci. Mista Chibuzor, malamin wasanni, shi kaɗai ba ya zuwa masallaci, kuma yana riƙe da makulli. Yana zaune a kan benci, usur a wuya, ba mai yi masa magana.

"Ina kake lokacin salla?" ta tambaye shi.

"A fili, Sajan. Ina zuba farar ƙasa a layi."

"Wa ya gan ka?"

"Awaki."

Ba wanda ya yi dariya. Malam Haliru ya ce in kofin bai fito ba, dole ya kai sunansa ma'aikatar ilimi, aikinsa kuma ya tafi ke nan.

Sakinatu ta leƙa ofishin. Da safe aka shafa wa daɓen jan fenti saboda baƙin gobe, bai gama bushewa ba. Daga ƙofa zuwa kanta akwai sawun ƙafa, babba, ba takalmi. Ta dubi kambas ɗin Chibuzor, ta sa ya cire. Tafinsa fes.

"Ai yana iya wankewa," in ji wani malami.

"Fentin mai ne, ruwa ba ya fid da shi," ta ce.

Maigadi ya rantse cewa tare da Malam Haliru suka yi sahu a masallaci, shugaban ya tabbatar. Saifuddeen, kyaftin ɗin 'yan wasa, ya ce yana masallaci da dukan yaransa. Ta tambaye shi ko ɗalibai na tuɓe takalmi kafin su shiga ofis.

"Mu? A'a, Anti. Sai dai gaisuwa."

Malama Batulu, wadda ta fi kowa daɗewa tana koyar da lissafi a makarantar, ta sa baki. "Da can ana yi. Zamanin shugaban farko, wanda ya shiga da takalmi sai ya share fili shi kaɗai. Har yau tsoffin ɗalibai in sun zo, a bakin ƙofa suke ajiyewa, ko da sun yi furfura."

"A wancan zamanin ina ake ajiye makulli?"

"Saman ƙofa, cikin wani rami." Batulu ta miƙa hannu, sai ga tsohon makulli, ba tsatsa a bakinsa. Malam Haliru ya ce shi bai ma san da shi ba.

"Wane tsohon ɗalibi ya zo nan kwanan nan?"

"Ɗanmusa," in ji Batulu. "Shi ne kyaftin ranar da aka fara cin kofin. Jiya ya kalli atisaye, ya tafi yana tsaki."

Sun same shi a shagonsa na shinkafa, yana ɗaure buhu a bayan babur. Ya ce ƙanensa zai kai wa, can ƙetaren iyaka, cikin Benin.

"Alhaji, tuɓe takalminka," in ji Sakinatu.

"Don mi, 'yata?"

"Don ka saba."

Ya sunkuya ya zare. Tsakanin yatsunsa ja wur. Ta kwance buhun, ga kofin a naɗe cikin zane.

Ta juya ga Malam Haliru. "Ɓarawon waje ba ya tuɓe takalmi, ba ya kuma kulle ƙofa in ya fita. Malamai da ɗaliban yanzu da takalmi suke shiga. Saura wanda ƙafarsa ta koyi dokar tun yana yaro, ya kuma san ramin makulli."

Ɗanmusa ya zauna a kan buhu. "Ba sayarwa zan yi ba, wallahi. Da ƙafa babu takalmi munka ci kofin ga. Yaran ga ko gudu ba su iyawa. In zauna in ga 'yan Kende sun ɗauke shi?"

"Da an kore mu gaba ɗaya, Alhaji," in ji Malam Haliru. "Da kuma an kori mutumin da bai yi komai ba."

Chibuzor ya sauke dogon numfashi, ya karɓi kofin da hannu biyu. Malam Haliru ya riƙe kafaɗarsa, ya roƙe shi ya yafe musu zargin. Sakinatu ta tambaya ko a wuce da Ɗanmusa ofishinsu.

"A bar shi, Sajan," in ji Chibuzor. "Amma gobe kusa da ni zai zauna."

"In Kende sunka ci fa?" Ɗanmusa ya tambaya a hankali.

"Kai za ka miƙa musu, Alhaji. Da hannunka."