Mursik ɗin da Na Ƙi Sha a Gidan Arap Chumo

Zan fara da faɗin abin da nake tsoro. Tun da na karɓi difloma na kama aikin ɗaukar fitsarin 'yan tsere domin gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari, babu abin da ke faɗar mini da gaba kamar a miƙo mini abin sha a gidan mutane. Dokar aikinmu ta hana mu karɓar komai daga wanda muka je gwadawa ko daga iyalinsa. A wurinmu 'yan ƙabilar Kalenjin ta Kenya kuwa, baƙon da ya ƙi nono ya ƙi mai gidan ne.

Abin da nake gudu ya same ni wata safiya a gefen garin Iten. An tura ni gidan Arap Chumo in gwada ɗansa Kimaiyo, mai gudun dogon zango. Na tarar bai daɗe da kewayawa ba, sai jira. Doka ta ce kada in ɗauke ido daga kansa har ya ba da fitsarin a kwalbar da nake riƙe da ita, don haka na bi shi garke, na bi shi gindin murhu.

"Chemtai, fito ki ga sabuwar jelata!" in ji Kimaiyo.

Ƙanwarsa ta fito cikin kayan atisaye, riƙe da gorar mursik, nonon nan namu mai ƙanshin gawayi. Ta cika kofi ta miƙo mini tana murmushi.

"Sannu da gadi, Mai Kwalba."

Ban taɓa son karya doka ba kamar a lokacin. Amma na ce, "Na gode ƙwarai, ba zan iya sha ba."

Mahaifinsu yana zaune a ƙofar ɗaki. Sai ya juya kujerarsa ya ba ni baya.

Bayan wani lokaci muka haɗu da Chemtai a motar haya ta Eldoret. Ita ta fara magana.

"Yaya ya ce aikinku wulaƙanci ne, a sa babban mutum ya kwance wando a gaban baƙo. Direbobin gonar furanni ma, da ake yi musu irin wannan gwajin, kukan da suke yi ke nan, wai an mayar da kowa abin zargi."

"Ke fa, me kika ce?"

Ta ce, "Na taɓa zuwa ta huɗu a wata gasa. Daga baya aka kama wadda ta zo ta biyu da ƙwaya a jini. A cikin ambulan aka aiko mini da lambar tagulla, ba tuta, ba tafi. Yaya bai yi ƙarya ba, akwai kunya a gwajin. Amma ni na ɗanɗana rashinsa."

Kafin mu sauka na nemi lambar wayarta, ita ma ta karɓi tawa.

Saƙonta na farko cewa ya yi: "Mai Kwalba, yau jelar wa ka zama? Ka ci abinci kuwa, ko shi ma doka ta hana?"

Na goge amsata sau da yawa kafin na tura: "Barewata, na ci. Amma tun ranar nan nake jin ƙishin kofin da na mayar."

Tun kafin magana ta yi nisa na je na shaida wa shugabata cewa ina neman 'yar tsere da aure. Ta cire ni daga harkar masu gudu baki ɗaya, ta mayar da ni birnin Kisumu wurin 'yan ƙwallo da 'yan dambe. Na bar garinmu, na bar wasan da na taso ina ƙauna, ban kuma san ko za a ba ni ita ba.

A Kisumu saƙon da na fi tsoro ya iske ni: "Kibor nawa, Baba ya ƙi. Ya ce ka ƙi nononmu ne don kana zargin Mama ta zuba wani abu a gorar. Ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda ya ɗauki gidansa gidan maguɗi ba. Na yi bayani har na gaji. Ka zo da kanka."

Na ɗauki kawuna muka tafi. Aka zaunar da mu a tsakar gida, dattawa a jere, gorar tana ajiye gaban Arap Chumo. Kawu ya yi bayanin dokar, ya kuma faɗi dalilin komawata Kisumu. Tsohon ya saurara har ƙarshe, sannan ya dube ni.

"Yaro, na ji. Tambaya ɗaya gare ni. A ce ka zama surukina, sai ka ji a wurin abokan aikinka cewa gobe za a zo gwada Chemtai. Za ka raɗa mata?"

Na san amsar da ake tsammani daga ɗan gida, na kuma hango Chemtai a bakin kicin ta dafe ƙirji.

"A'a, Baba. Ba zan faɗa mata ba. Idan na faɗa, duk lambar da ta ci bayan haka ni ma ba zan iya kallonta da zuciya ɗaya ba. Na fi son ta yi nasarar da babu mai iya yi mata gori."

Kimaiyo ya yi tsaki yana dariya. "Ka ji ko, Baba? Ko a gidan surukai sai ya tsare mu!"

Tsohon bai yi dariya ba. Ya ɗauki gorar ya girgiza ta a hankali, ya cika kofi da hannunsa.

"Da ka ce za ka faɗa, da wannan gorar ta koma ɗaki. Karɓi. Ko sai ka fara aunawa a kwalba?"

Na karɓa da hannu biyu, na shanye tas. Mata suka ɗauki guɗa, Chemtai ta rufe fuska da gyale tana kuka tana dariya.

Arap Chumo ya miƙe ya ɗaga sandarsa.

"Ku shaida, na ba Kibor 'yata Chemtai. Da an gama girbin masara za a yi bikin. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, kada gorarsu ta taɓa bushewa."